Mugun Talabijin da Rumbun Maigidana

Na taɓa shafe mako bakwai ina roƙon Allah ya kashe wani mutum da bai ma san da ni a duniya ba. Mutumin a cikin talabijin yake. Yanzu idan na ba jikokina labarin sai su yi ta dariya, ni ma in taya su, amma a lokacin ba da wasa nake yi ba.

Shekara ta biyu ce ta babban farin nan. Ina gidan miji a wani ƙauye tsakanin Unguwar Lalle da Sabon Birni, da 'ya'ya biyu, mace da namiji, ƙaramin bai daɗe da barin nono ba. Daminar da ta wuce gero ya tsiro lafiya, ya kai gwiwa, sai sama ta ɗauke kamar an yi mata laifi. Ɗan abin da aka samu aka ɗaure, maigidana ya zuba a rumbu, ya kwaɓa laka ya liƙe bakin, ya kifa jinka a kai. Bayan kwana uku ya ɗauki jakarsa ya tafi cin rani.

Haka ake yi a wurinmu. Rumbun maigida na damina ne, shi ake ci lokacin da ake duƙe a gona. Da rani mace takan ci da 'ya'yanta daga abin da ta noma a gayaunarta. Mace ba ta hawa rumbun miji, ba ta leƙa shi, ba ta tambayar dami nawa ke ciki. Wanda ya liƙe bakin shi ke fasa shi. Sai fa idan ya mutu, to a nan hatsin ya zama gado, babban gida, wato dattijon gidan, ya hau ya buɗe. Ban taɓa ganin aibin wannan tsari ba sai a shekarar nan.

Su uku suka tafi daga ƙauyenmu, can wajen Yawuri inda ake aikin albasa a bakin kogi. Da zafi ya fara, biyu suka dawo. Suka ce ranar wata kasuwa sun shiga kwalekwale za su haye, aka yi masa lodi fiye da ƙima, ya kife a tsakiya. Su sun kama wani abu sun fita. Shi ba a gan shi ba. Kwana uku suna bin gaɓa tare da masunta, an tsamo wasu, shi dai shiru. Suka kawo jakarsa da ya bari a masauki.

Surukina, mahaifinsa, shi ne babban gidan. Tsoho ne dogo, marar yawan magana, wanda idan ya ce a'a to ka nemi wani aikin yi. Yana zaune a zaure suka ba shi jakar, ni kuwa ina bayan ƙofa ina saurare.

Ya ce, "Kun ga gawa?"

Suka ce, "Ba mu gani ba, Baba."

Ya ce, "To ku tahi gida ku huta. Sannunku da hanya."

Ya rataye jakar a jikin bango. Da mutane suka fara zuwa gaisuwa, sai ya riƙa tambayarsu wa ya rasu. Liman ya zo ya zauna da shi, ya ce tunda mutum biyu sun ga kifewar jirgin da idonsu, an kuma nema ba a samu ba, idan gida ya yarda ana iya shimfiɗa tabarmar makoki, ni in shiga takaba. Amma ya ce maganar tana hannun uba. Uba kuwa ya yi kunnen uwar shegu. Ba makoki, ba takaba, ba gado. Rumbu ya ci gaba da tsayuwa a tsakar gida da bakinsa a liƙe.

Ba ni da hanyar yi masa magana. Shekara bakwai ina gidan, abin da ke tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, ina durƙushe, kaina a ƙasa. Matar ɗa ba ta tsayawa gaban suruki ta ce ga abin da take so. Shi ma ɗin a ɗaure yake ta nasa ɓangaren, domin maigidana ɗan farinsa ne. Ban taɓa jin ya kira sunansa ba. Idan dole ta kama sai ya ce "wancan". Uba ba ya nuna ya damu da ɗan fari, ko zazzaɓi ne ya kwantar da shi sai dai ya tambayi wani a kaikaice. Surukata da za ta shiga tsakani ta daɗe da rasuwa. Haka muka zauna, mutum biyu a gida ɗaya, abu ɗaya ke cin ranmu, kowa ya kama bakinsa.

Geron gayaunata ya ƙare tun kafin tsakiyar rani. Akuyata ta tafi kasuwar Sabon Birni ba ta dawo ba. Muka koma dusa da busasshen tafasa, daga baya muka koma anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu, a shekarar da ruwan ma sai an kwana a layi a bakin rijiya. Gashin ƙaramin ya fara yin ja, cikinsa ya yi gaba. Ni kuwa sau ashirin a rana nake wucewa ta gindin rumbun nan. A cikin kaina na riga na ƙirga abin da ke ciki, na ba shi dami talatin, ranar da yunwa ta yi tsanani in ƙara masa biyar.

A cikin wannan hali ne talabijin ta shigo ƙauyenmu. Maƙwabcinmu Alhaji, mai safarar kaya zuwa Maraɗi, shi ya zo da ita, 'yar ƙarama, baƙi da fari, tana aiki da batirin mota da ake kaiwa Sabon Birni a cika. Aka kafa eriya a kan doguwar gora. Ranar Alhamis bayan la'asar ake nuna wani wasan kwaikwayo na Hausa, sai a ɗora akwatin a kan ganga ƙarƙashin rumfa, a kafa zana tun daga gabansa har baya. Maza su zauna ta gefen zaure, mu mata ta gefen cikin gida tare da Hajiya, matar Alhaji. Kowa na ganin hoto, ba a ganin juna, amma ko tari aka yi ana ji. Idan iska ta juya gorar, sai hoton ya rikiɗe ya koma yayyafi. Hajiya takan ce mu kalla da kyau, wannan ne kaɗai ruwan da za mu gani bana.

Kada a ce mace mai mijin da ya ɓace me ya kai ta kallo. Ba a ce mini ya mutu ba, ai. A hukuncin gidanmu ni matar matafiyi ce. Kuma awa ɗaya da yara za su zauna shiru ba su tambaye ni abinci ba, ba ƙaramin abu ba ne.

A cikin wasan akwai wani ɗan kasuwa da ba mu taɓa wahalar da kanmu da sunansa ba, Mugun kawai muke ce masa. Ya cinye gonar marayun ɗan'uwansa. Yana sayen hatsi da kaka ya ɓoye a sito, ya cuɗa shi da yashi, ya fito da shi lokacin da mutane suka galabaita. Duk lokacin da ya bayyana sai tsinuwa ta tashi daga gefe biyu na zana, Alhaji kuma ya gyara zama ya ce ba duk ɗan kasuwa ne haka ba, ko da yake ba wanda ya tambaye shi. Gaskiyar magana, rabin abin da ke kai mu kallon buhunan nan ne. An jera su har rufi. Wata tsohuwa da ke zama kusa da ni takan miƙa wuya ta ce a bari ta gani ko gero ne ko dawa.

Wata Alhamis Mugun ya tuɓe takalmansa a bakin sito, ya shiga da fitila yana shafa buhunansa. Fitilar ta faɗi. Wuta ta kama ƙofa, hayaƙi ya cika hoton, aka ji yana ihu. Sai aka nuno takalman nan biyu a ajiye, rufin sito ya rufta. A daidai nan batirin Alhaji ya ce ga garinku nan. Hoto ya tsuke ya zama ɗigo, ya ɓace.

Aka yi salati. Tsohuwar nan ta fashe da kuka, muka zaci tausayin rai ne, ashe buhunan take yi wa.

Kafin magariba ƙauye ya rabu biyu. Masu cewa ya mutu hujjarsu takalma: mutum ya tuɓe ya shiga, ba a ga ya fito ya saka ba, me ya rage? Masu cewa yana nan kuwa kowa da tasa. Wata ta ce irin waɗannan mutane ba sa rasa layar zana, ya ɓace ne ya bar wuta tana cin iska. Wani ya ce mai ɓoye hatsi ba ya gina sito mai ƙofa ɗaya. Direban Alhaji ya rantse ya ga mutumin da idonsa a tashar mota a Sakkwato yana cin tsire, aka tambaye shi yaushe, ya ce watan jiya, aka ce to ai kafin gobara ke nan, shaidarsa ta faɗi. A mako na biyu aka nuno matar Mugun tana kuka, amma idonta raɗau da kwalli, ga 'yan kunne suna lilo. Mata suka ce wannan ba mai takaba ba ce, ta san inda mijinta yake. Wasu suka ce wace ce za ta bar kwalli saboda irin wannan miji. A bakin rijiya wannan ake yi, a ƙofar masallaci ma haka. Mutanen da ba su san abin da za su ci gobe ba sun sami abin da za su yi gardama a kai wanda ba zai ƙara musu yunwa ba.

Surukina ya sha cewa talabijin akwatin marasa aikin yi ce. Amma gardamar ta same shi a ƙofar masallaci, kuma a Alhamis ta uku sai na ji tarinsa a bayan zana, dab da inda nake zaune. Tarin nan ko cikin kasuwa na ji shi za ni gane shi. Na ja mayafi na rufe rabin fuska, kamar yana ganina.

Da aka gama, kafin mutane su watse, ya ɗaga murya.

"Hajiya, mutanen cikin gida mi sunka ce game da mutumen ga?"

Hajiya ta ce, "Baba, sun rabu biyu, kamar na waje."

Ya ce, "To ki hwaɗa musu bai mutu ba. Wa yag ga gawa? Wa yay yi mishi wanka? Ina kabari nai? Takalmi ba mutun na ba."

Har yau ban san inda na samo muryar ba. Na ji bakina yana cewa, "Hajiya, ki ce ma na waje, ba kullum wuta ka barin gawa ba. In anka ce sai an gani da ido, marayun ga yunwa za ta gama da su, gona tana hannun wanda babu."

Hajiya ba ta maimaita ba, ba ta kuma buƙatar maimaitawa, zana ce tsakaninmu ba katanga ba. Duk wanda ke zaune a wurin ya san ba maganar Mugun ake yi ba, kuma duk suka yi kamar ba su sani ba. Wannan alheri ne da ban manta wa mutanen ƙauyen nan ba. Ba wanda zai ce na yi wa suruki rashin kunya, Hajiya na yi wa magana, a kan wasan kwaikwayo.

Tsohon ya yi gyaran murya ya ce, "Ki ce musu masu saurin binne mutun su ji tsoron Allah."

Da safe na kai masa kunun dusa, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum. Ba wanda ya ɗaga ido.

Daga ranar muka sami fili. Kwana shida muna shiru, ranar Alhamis mu kwashe abin da muka tara mu kai gidan Alhaji. Masu shirya wasan kuwa kamar da gayya suke ja mana rai. Mako guda suka ɓata a kan bikin wata 'yar maƙwabta da ba ruwanmu da ita. Wani mako marayun suka kai ƙara a ba su gonarsu, alƙalin wasan ya ce ba zai taɓa dukiyar mutum ba sai an kawo shaidar mutuwarsa. Na ji tsohon ya yi wani tari na jin daɗi a bayan zana, na ji kamar in tashi in kife akwatin. Na ce wa Hajiya ta gaya wa na waje wannan alƙali da ganinsa ya ci ya ƙoshi kafin ya zo kotu. Mata suka yi dariya a cikin mayafi. Ya ce a gaya wa na ciki alƙali ya fi su karatu.

Na zama shugabar masu cewa ya mutu. Har gida mata ke biyo ni da sababbin hujjoji. Na ƙware. Na san yadda rufin ya faɗo, na san ta inda hayaƙi ya fara, na lura bangon sito na siminti ne ba a haƙa shi da hannu. Idan na idar da salla nakan ce, Allah ka sa Alhamis mai zuwa a tono ƙasusuwansa. A raina na ɗauka idan aka nuna wa tsohon a fili cewa mutum na iya mutuwa ba a ga gawarsa ba, zai sauko. Hankalin mai jin yunwa ke nan.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne yadda nake ji idan na dawo gida. Ina son maigidana. Mutum ne mai sanyin hali, wanda idan yana gyaran zana yakan yi 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, ya daina da zarar ya ji takun mahaifinsa. Ban so ya mutu ba. Da an ce mini in ba da hannuna na dama ya shigo zaure da jakarsa, da na miƙa. Rumbu kawai nake so a buɗe, kuma ƙofar rumbun ɗaya ce, sai ta kan mutuwarsa. Saboda haka kowace Alhamis nake zama gaban jama'a in kashe shi da bakina, da hujjoji masu kyau, mata na jinjina mini. In dawo in shiga ɗaki in ji na tsani kaina. Tsohon ma na tsane shi a lokacin, ban ɓoye ba, domin shi ya ɗauki ɓangaren da ya fi daɗin riƙewa ya bar mini ɗayan.

A mako na biyar aka fita roƙon ruwa, maza da riguna a juye, bayan kwana biyu aka sami ruwa guda ɗaya mai ɗan dama. Gari ya waye kowa ya nufi gona da sungumi, masu sauran iri suka shuka. Namu irin yana cikin rumbu. Na tsaya a ƙofar gida ina kallon mutane na wucewa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shiga hancina. Tsohon ya ɗauki sandarsa ya tafi gonar, ya zagaya ta, ya dawo ya shige zaure. A kwanakin nan ne na lura kwanonsa na dawowa da rabin abin da na zuba. Na ba yara, ban gode ba. A ganina taurin kai ne ya sake salo.

Alhamis ɗin da ta biyo ban jira an gama wasan ba. Na ce, "Hajiya, ki tambayi na waje. In mutumen ga shina da rai, mi ah hana shi aiko da saƙo? Mai rai ya san ya bar iyali. Ya san ruwa ya sauka."

A cikin akwatin wasu mata na ta surutu a kan zanen biki, ba mai sauraronsu.

Can tsohon ya ce, "Ki ce musu wataƙila kunya shika ji. Namiji bai son shi dawo gida hannu wohi."

Muryarsa ba irin ta gardama ba ce a ranar. Na ji hakan, amma ina cikin fushi, ban tsaya na auna ba. Na ce a gaya masa kunya ba ta cika cikin yaro. Hajiya ta dafa gwiwata ta matsa, alamar ya isa.

A mako na bakwai Mugun ya dawo. Rana tsaka, ana zaman kotu, alƙali ya gaji da jiran shaida yana shirin miƙa wa marayu gonarsu, sai ga shi ya yaye labule ya shigo. Babbar riga sabuwa, hula a karkace, kumatu na sheƙi, ko tabon ƙuna babu. Ya ce akwai rami a ƙarƙashin buhunan da ya haƙa tun da daɗewa saboda ɓarayi, ta nan ya fita, ya je ya ɓuya wurin wani abokinsa don ya ga masu murna da mutuwarsa. Ya yi dariyar nan tasa. Daga baya ma shekara biyu ya ƙara yana zaluntar mutane duk Alhamis, lafiyarsa ƙalau.

Gefen maza ya kaure da sowa. Mutanen da suka daɗe suna tsine wa mutumin nan suka riƙa tafi don ya dawo. Ana ta cewa, "Baba ya ci gardama! Baba ya hwaɗi gaskiya!" Direban Alhaji na ihu a tuna shi ya fara ganinsa a tasha. Matan da ke bayana suka sulale ɗaya bayan ɗaya, tsohuwar nan ma ta ce ita dama tun farko ta yi shakka. Ni kuwa na ci gaba da zama a inda nake. Na dubi ƙaramin yana barci a cinyata, na ce a raina shi ke nan, rumbun nan sai dai gara ta buɗe shi. Na jira in ji abin da tsohon zai aiko Hajiya ta faɗa mini. Bai aiko da komai ba. Aka ce ya naɗe buzunsa ya fita tun ba a gama ba.

Washegari da hantsi ina tsakar gida ina sauya wa anza ruwa, sai na ji ana jan wani abu a ƙasa. Na ɗaga kai na gan shi ya fito daga zaure yana janye da tsani, gatari a kafaɗa. Ya jingina tsanin a jikin rumbu. Sannan ya juyo ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Taho ki riƙe mani."

Na tashi na je na riƙe. Ya hau a hankali, tsanin na rawa a hannuna. Ya ture jinkar ta faɗo gefe. Ba Hajiya, ba zana, sai na ji na ce, "Baba, ai ku kunka ci gardama."

Ya ce, "Na ci." Ya ɗan huta yana haki. "Na ga yadda mai dawowa ka dawowa. Riga sabuwa, ya yi ƙiba. Mako nawa ina jiran in ga abin ga da idona, ɗiyata. Da nig gane shi, sai nis san wasa na. Cikin akwati kaɗai aka yin haka."

Ya ɗaga gatari ya sari lakar. Sara uku ta fashe, ɓaraguzai suka zubo mini a ka. Warin hatsin da ya daɗe a rufe ya fito, yara suka taso da gudu suka tsaya a bayana. Ya zura rabin jikinsa ciki, ya daɗe yana lalube, sannan ya fito da dami ya miƙo. Na karɓa na ajiye. Ya miƙo na biyu, na uku, na huɗu. Na sake ɗaga hannuwa.

Ya zauna a kan matakalar ƙarshe, ya ajiye gatarin a cinyarsa.

Ya ce, "Shi ke nan."

Ban gane ba. Na ci gaba da kallon bakin rumbun.

Ya ce, "Huɗu na. Tare munka liƙe shi, ni da shi. Abin da gona tab ba mu ke nan. Yar roƙe ni kada ki sani, kada hankalinki shi tashi. Yac ce za shi nesa inda aiki ya hi tsoka, shi dawo da hatsi shi cika shi kahin a buɗe. Nic ce mishi ba mai taɓa shi sai ya dawo."

Dami huɗu. A kansu na yi mako bakwai ina tara hujja. Shi kuwa tsohon ya san abin da ke ciki tun ranar farko, yana jina ta bayan zana ina neman a buɗe, yana riƙe da alkawarin da ya yi wa ɗansa, wanda ba zai iya saki ba sai ya yarda ɗan ba zai dawo ba. Kukan da ban yi ba ranar da aka kawo jaka, ranar ya zo, kuma ba don ƙarancin geron ba ne.

Ya sauko a hankali, yana dafa kafaɗar rumbu. Ya ce biyu na iri ne, gobe za a shuka ko ƙasa ta fara bushewa, biyu kuma in sussuka yau yara su ci tuwo. Ya tsaya yana kakkaɓe laka daga gemunsa, bai dube ni ba.

Ya ce, "Ki aika a hwaɗa ma liman. A shimhiɗa tabarmi."

Sai a lokacin na lura hannuwana suna sama tun ɗazu, na sauke su.